Maigida na son mu sayar da gida mu koma garinsu, ni kuwa Kaduna ce garina

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka kwana biyu a duniya.

Bara Alhaji ya yi ritaya, ya cika shekara 35 ɗin da aka yanka wa ma'aikacin gwamnati. Da farko lafiya lau, har tsokanarsa nake yi wai na samu mai gadi kyauta. Bayan babbar sallah sai amininsa ya rasu. Tare suka yi isha'i a masallacin layinmu, da asuba aka bugo waya. Tun da suka dawo daga maƙabarta bawan Allahn nan ya sauya. Majalisarsu ta ƙofar mai shayi ya daina zuwa, wai kowane benci ya duba sai ya ga wanda babu. Rannan na same shi a tsakar gida yana bin lambobin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan ya tafi, wannan ma ya tafi, amma ko ɗaya bai goge ba.

Yanzu maganar da ya ɗauko ita ce mu sayar da gidanmu na Tudun Wada mu koma garinsu, can wajen Maƙarfi, don a binne shi kusa da mahaifinsa. Ni a Kaduna aka haife ni, nan aka kai ni ɗaki, nan kabarin Innata yake. A gidan nan muka yi kwanan zaune lokacin rikicin 2000, ina goye da Sadiq, ba mu gudu ba, sai yanzu? Garinsu biki ko rasuwa ke kai ni, har gobe "matar Kaduna" suke ce mini. Yara biyu sun yi aure, autan yana Jami'ar Jihar Kaduna. Ban taɓa ja da shi a kan babbar magana ba, amma wannan ta tsaya mini a wuya. In bi shi ko in tirje?

Baba Kakuri:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ni na yi wannan tafiyar da Alhajinki ke mafarki. Ma'aikacin masaƙa ne ni. Lokacin da masaƙun Kakuri suka shiga mutuwa, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, da yawanmu muka tattara komatsai muka ce mun koma gida noma. Na je na tarar gonar mahaifinmu an yanka ta gunduwa-gunduwa tsakanin jikoki. Sa'o'in nawa da nake ɗokin gani, su ma rabi suna ƙasa. Yaran gari kuwa sai su durƙusa su gaishe ni su tambayi na kusa da su, wane ne wannan tsohon? Garin da ke cikin kan Alhaji garin yarintarsa ne, kuma wancan garin ya riga amininsa rasuwa.

Abin da ya cece ni, ban sayar da 'yan ɗakunana ba, haya na bayar, don haka da na gaji na samu wurin dawowa. Wanda ya sayar da gida a Kaduna yau, da wuya kuɗin su sake saya masa ko fili a Rigasa. Kada ki ce masa a'a, namiji a irin wannan hali a'a tana ƙara masa taurin kai. Ki ce ya je ya yi damina ɗaya tukuna.

Hajiya Uwani:
Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Ƙanwata, zan faɗi abin da mata ba sa son faɗa, don ni na yi takaba. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma a inda kuke zaune za ki yi. Ki ƙiyasta kanki a ɗaki cikin dangin miji, babu maƙwabciyar da kuka yi shekaru kuna miƙa wa juna gishiri ta katanga. Sannan rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne, ɗaya cikin takwas. In an sayar da gidan an zuba kuɗin a ginin gidan gado da ba a taɓa rabawa ba, tumunin me za a cire miki? Ba fata nake yi ba, wa ya san gawar fari? Amma dai a yi maganar yanzu da kowa ke numfashi.

Kuma ki rage lallaɓa shi kamar majinyaci. Ki zauna kusa da shi ki ambaci marigayin da sunansa, ki tuno masa wata barkwancinsa. Maza ba su da zaman makoki irin namu, kwana uku an naɗe tabarma, sauran sai su haɗiye.

Abban Hanifa:
Mama, ni ma'aikacin jinya ne. Kafin a je ga maganar gida, a auna jininsa da sukarinsa, ki kuma lura da barcinsa da cin abincinsa. Mutum ya bar aiki, ya rasa amini, ya janye daga mutane, wannan kan zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Hawan jini ba ya sallama. Daga Tudun Wada zuwa asibitin Barau Dikko ɗan Keke Napep ne, daga ƙauye kuwa sai an nemi mota zuwa Zariya, wataƙila da tsakar dare. Batun kabari kuma, ƙarshen Suratu Luƙman ya gama magana: babu ran da ya san ƙasar da zai mutu. A samu limaminku ya tuna masa, daga bakinsa zai fi shiga.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan magariba na kawo masa maganar damina ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce, "To wa zai dafa mini tuwo?" Na ce ai ga matan ƙannensa. Ya harare ni, wanda rabon da in ga hakan tun kafin rasuwar. Awon jini ya yarda, Sadiq zai kai shi ranar Litinin. Maganar tumuni dai, Hajiya, bakina ya ƙi ɗauka, sai dai in roƙi yayana ya yi masa ita a matsayin shawarar maza.

Baba Kakuri, da ka ba da hayar, ta hannun dillali ka bi ko wani ɗan uwa ka damƙa wa? Don ya fara cewa in ma ba sayarwa, a saka 'yan haya a ɗakunan waje.