Ƙwayar ƙarin jini ta hana ni sakat, in daina ko in ci gaba?

Maman Biyu, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa, masu sani ku taimaka min da shawara don Allah. Cikina wata shida, na uku ke nan. Makon jiya da na je awo aka ɗebi jinina, nas ɗin ta kalli takarda ta kalle ni, ta ce PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jini, 28 ne, jini ya yi ƙasa. Dama jikina ya gaya min, don ko tsakar gida na share sai na zauna ina haki, in na sunkuya wanke-wanke na miƙe jiri ya kwashe ni. Ga wani kwaɗayin ƙanƙara da ya same ni, sai in zauna in yi ta gurgura kamar yarinya. Aka ba ni jar ƙwayar nan da 'yar ƙaramar ruwan ɗorawa, folik asid, aka ce kullum.

Yau kwana tara ina sha. Da safe nake kora ta da shayina, don ni in ban sha shayi mai kauri ba gari bai waye ba. Tun kwana na uku bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, ga tauri, sai in kwana biyu ban zaga ba, zuciya kuma tana tashi har azahar. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, ta ce in watsar da ita, wai ita ke sa ɗa ya yi ƙato a ciki a ƙare da tiyata, ita tara ta haifa ba ta taɓa sha ba. Har ta sa an sayo min lemun malt da madarar gwangwani, wai ƙarin jinin gaskiya ke nan. Ba na son musu da ita, ba na kuma son in cuci kaina. Awona na gaba sai nan da mako uku.

Anti Ungozoma, Kawo

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Kada ki daina, amma ki raba ta da shayin nan tun gobe. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ayon ɗin ƙwayar, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, tun a ciki ya hana hanji tsotse shi, madarar ma haka take yi. Kwana taran nan kin sha wahalar magani, amfanin kuma kaɗan kika samu. Ki sha shayinki da safe yadda kika saba, ƙwayar ki bar ta sai an yi kamar awa biyu. Da yawa cikin matan da nake dubawa sun fi jin daɗinta da daddare in za su kwanta, tashin zuciyar ya same su cikin barci. Ki kora ta da ruwa, ki bi da lemun zaƙi ko gwaiba, bitamin C ɗinsu na taimaka wa jiki ya karɓe ta. Ban da fura da nono a lokacin, ban da farin maganin ƙwannafin nan mai kama da madara. In cikin wofi na sa ki amai, ki ɗan taɓa abinci kaɗan tukuna.

Baƙin bayan gida ba ciwo ba ne, ragowar ayon ne da jiki bai ɗauka ba yake fita. Wanda zai sa ki taho asibiti a ranar shi ne in ya zama mai danƙo kamar kwalta da mugun wari, ko kika ga jini, ko ciki ya murɗa sosai. Taurin kuwa ruwa da yawa, gwanda, kankana, miyar kuɓewa ko ta ganye, da ɗan tattaki bayan la'asar. In duk da haka abin ya gagara, ba sai kin jira mako ukun ba, ki koma. Ana iya canza miki wata iri, ko likita ya ce ki riƙa sha yau ki tsallake gobe, akwai ma wanda ake sawa ta jijiya. Su za su yanke, ba ke a ɗaki ba.

Maganar Hajiya kuma, na ji ta ba adadi. Ƙwayar nan ba ta sa ɗa ya wuce ƙima, abin da ya fi kawo ƙaton jariri shi ne ciwon suga lokacin ciki. Ni abin da ke ba ni tsoro a ɗakin haihuwa shi ne mace ta zo da jini kaɗan sannan ta zubar. Wadda jininta ya cika za ta zubar ta tashi, mai 28 kuwa zubar da bai kai wannan ba sai ya sa a shiga neman ledar jini biyu da tsakar dare. Ƙarancin jinin kan kuma jawo haihuwar bakwaini ko jariri ɗan firit. Muna son mai ciki ta kai 33 ko sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid kullum, ko jininta bai sauka ba, balle ke. Malt da madara zai ba ki ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari, amma ayon ɗin ciki bai taka kara ya karya ba. Ki karɓa ki yi godiya, ki sha can da rana nesa da ƙwayar. Kwaɗayin ƙanƙarar nan ma alamar ƙarancin ayon ce, zai tafi in jini ya hau. Ina fata dai ba ki haɗa da farar ƙasa ba.

Ummu Sadik, Rigasa

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, abu ɗaya zan roƙe ki: ina kike ajiye ta? Tunda kin ce Maman Biyu, akwai ƙanana a ɗakin. Bara ina goyon ciki, tawa tana cikin 'yar farar ledar nan ta asibiti a jakar hannuna. Ina kicin, na fito na tarar da yarona ɗan shekara biyu bakinsa jawur, ya zazzage ledar yana tsotsa, ya ɗauka alewa ce don bayanta da zaƙi. Maƙwabciyata ta kawo manja, wata ta ce madara. Allah ya sa ƙanena yana nan da babur, muka tafi asibiti da ledar a hannuna. Likitan ya tambayi nawa ne a ciki, nawa suka rage, ni kuwa ban taɓa ƙirgawa ba. Ya ce ƙwayar da ke gyara babba tana iya kashe yaro in ya sha da yawa, kuma mugun halinta shi ne yaro ya yi amai da gudawa, ya lafa kamar ya warke, daga baya hanta ta lalace. Kwana biyu muka yi suna dubansa. Allah ya taƙaita, yawanci tsotsa ya yi ya tofar. Yanzu a saman wadirof nake sawa cikin gwangwani mai murfi, kuma na san adadinsu.

Mai Harhaɗa Magani, Unguwar Sanusi

Malama, Anti ta gama magana, ƙari kawai zan yi daga abin da nake gani a shagon magani. Jar ƙwayar da aka fi bayarwa feros salfet ce mai miligiram 200, ainihin ayon ɗin cikinta kamar 65 ne. Sai mace ta zo ta ce a ƙara mata tonik na kwalba da kafso mai tsada don jini ya hau da wuri, alhali duk abu ɗaya ne a ciki. Hanji ba ya ɗaukar fiye da ƙimarsa, ribar da za ta ci ita ce ƙarin tauri da ciwon ciki. Jini ba ya hawa a kwana tara. Sai mako uku zuwa huɗu gwaji ke nuna bambanci, kuma ko ya dawo daidai akan ci gaba kamar wata uku don jiki ya tara na ajiya, wato har bayan kin haihu. In za ki saya a waje ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Duk wanda zai rubuta miki wani magani, ki faɗa masa kina shan wannan. Ba ta jituwa da sifurofuloksasin da tetirasaikilin da maganin maƙoƙo na tairoksin, sai an raba lokacinsu. Ga sauran masu karantawa kuma, abin da aka ba Malama bayan gwaji aka ba ta. Mai sikila kada a saya masa don an ga idonsa ya yi fari, nasa ƙarancin jinin daban ne, wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ma ayon taruwa yake masa har ya yi illa. Namiji ko dattijuwar da ta daina al'ada in aka ce ayon ɗinsu ya yi ƙasa, a nemo inda jinin ke tsiyaya, ko olsa ce, ko tsutsar ciki, ko wani abu a hanji.

Hajjo, Badarawa

Ni dai kwaɗon zogale da alayyahu da zoɓo suka riƙe ni duk haihuwata, ban sha ƙwaya ba.

Anti Ungozoma, Kawo

Hajiya Hajjo, Allah ya ƙara lafiya. Maman Biyu ta ci su, da wake, da nama da kifi in da hali, ayon ɗin nama ma ya fi na ganye saurin shiga jiki. Amma saura mata wata uku, abinci kaɗai ba zai ɗago 28 kafin naƙuda ba. Maman Biyu, ki tabbata kuma kina karɓar ƙwayoyi ukun nan na zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, kina kwana a gidan sauro, don maleriya na cinye jinin da muke ta tarawa.

Maman Biyu, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ummu Sadik, wallahi a kan madubi take, yanzun nan na tashi na ɗauke, guda 21 suka rage. Daren jiya na sha bayan isha da lemu, na tashi zuciyar da sauƙi, taurin dai yana nan. Farar ƙasa kuwa, Anti, sau biyu na ci, na daina. Na karanta wa maigidan bayaninki, ya ce shi zai yi wa Hajiya magana, in ta yarda ma mu tafi awon tare ta ji daga bakin nas. Malt ɗin kuma saura kwalba huɗu, yaran sun riga sun sa masa ido.