Jama'a, ta ina zan kama maganar manyan ƙasashe?

Ɗalibar jami'a: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. An ba mu aiki kan takarar manyan ƙasashe da yadda duniya ke juyawa, mako biyu ya rage. Na shiga intanet kaina ya ɗaure, kowa gwanin ƙasarsa yake yabo. Ta ina zan kama?

Mushe mai ritaya, Birni: Wa alaikis salam 'yata. Ki bar Ukraine da Taiwan tukuna, ki fara da ƙofar gida. A 1898 aka kashe Cazemajou, wani hafsan sojan Faransa, a garin nan namu na Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, 1899 Faransawa suka dawo da bindiga. Me ya kawo su? Tsere suke da Ingila zuwa tafkin Cadi. Iyakar da ta raba mu da Daura da Kano, a teburin waɗannan biyun aka zana ta. Ki buɗe aikinki da wannan, malaminki zai gyara zama.

Direban tanka: Baba ya yi gaskiya, amma ki hau hanyar Tanut ki ga SORAZ, matatar man fetur ɗinmu, da idonki. Tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana, kashi 60 na CNPC ne, kamfanin man ƙasar Sin, 40 namu. Sin ba ta kawo soja ko ɗaya ba, ta shimfiɗa bututu wajen kilomita 2,000 daga Agadem har Seme a Benin. Ni da nake kwana a layin lodi, Sinanci nake gani a jikin allo, ba Faransanci ba.

Ɗalibar jami'a: To Rasha da Amurka fa, yaya?

Ɗan kasuwar Dole: Ƙanwata, jera kwanaki kawai ki yi, su za su yi miki bayani. Juyin mulkin Nijar 26 ga Yuli 2023. Sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba. Afrilun 2024 masu horo na Rasha suka sauka Yamai, Agusta Amurkawa suka bar sansaninsu na Agadas. Janairun 2025 mu da Mali da Burkina muka fita CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Amma don Allah ki sa abin da ya same mu a ciki. Bayan juyin mulkin, da Najeriya ta yanke kuran (wutar lantarki) aka rufe iyaka, firijina biyu suka zama akwati, ƙanƙara ta fi nama daraja, shinkafa kuwa sai dai a tambayi kuɗi a wuce. Rigimar giwaye ce, mu ne ciyawar.

Hajiyar Zango: Ni rediyo zan ce miki. Kullum bayan asuba ina murɗawa, na ji DW, na ji TRT Afrika a wayar jikana, na ji namu na gida. Labari ɗaya ne, miya daban. Duk wanda kika saurara ki tambayi kanki wa ke biyan albashinsa. Ki sani kuma an dakatar da RFI, rediyon Faransa, tun Agustan 2023, BBC ma an tsayar da ita wata uku a Disamban 2024, wannan kansa babi ne a aikinki.

Direban tanka: Hajiya ki ƙara da TikTok, can ne ake kayar da Amurka sau uku kafin la'asar.

Hajiyar Zango: Kai dai bari, ɗan nan.

Mushe mai ritaya, Birni: Abu ɗaya na manta. Kar ki rubuta kamar ƙasashe biyu ne ke kokawa irin ta zamanin Tarayyar Sobiyet. Turkiyya na sayar mana da jirage marasa matuƙi, Najeriya ta zama abokiyar BRICS, ƙungiyar su Sin da Rasha, a 2025 ba ta kuma rabu da Amurka ba. Uraniyom kuma ki ware masa shafi: Orano, kamfanin Faransa, ta rasa lasisin ma'adinar Imuraren a Yunin 2024. Ki zo gida bayan la'asar ranar Asabar, ina da tsohuwar taswira da zan ara miki, amma da sharaɗin ki dawo da ita.

Ɗalibar jami'a: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya direba, in da hali ka turo min hoton allon nan.

Direban tanka: Ba a bari a ɗauki hoto a ƙofa. Zan dai kwatanta miki.