"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": wa ya fi gaskiya a lambu?

Ɗan Gama: Jama'a, a warware min. Mu shida ne muke lambu a bakin kogin Jakara a Kano, injin ban ruwa ɗaya gare mu, na karo-karo. Ɗayanmu bai kawo kuɗin mai ba, babbanmu ya tsallake fangalinsa, ya ce masa "da ruwan ciki ake jan na rijiya." Latas ɗin yaron har ya fara langaɓewa. Wurin faɗar karin maganar nan ke nan?

Mai Alayyafo: Wurinta ne mana. Ba a nema da hannu wofi. Shi kansa injin, in ba ka ɗura masa ruwa ya cika ba, ko ka kwana kana jan igiya iska zai yi ta zuƙa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, shi ya sa wasu suka mayar da injinansu na gas. Wa zai ɗauke wa wani?

Malam na Fagge: Ƙanena, ka karkatar da ita. Da wannan magana uzuri ake ba mutum, ba a korarsa da ita. Mai jan guga ko jigo sai ya sha ya ci kafin ƙarfi ya zo masa. To wanda cikinsa ya bushe fa? A ba shi ruwan, ya kai kaya kasuwar 'Yankaba, ya biya. In latas ya mutu, da me zai biya?

Mai Alayyafo: Allah ya gafarta Malam, a bara mun yi wa wani haka. Ya sayar da kabejinsa, har yau muna jira.

Hajiya Mai Kayan Miya: Ku maza kuna ta musu a kan mai, ni da nake sari a wurinku abin da ke damuna daban ne. Da bazara na sama sai su datse ruwa da buhunan yashi, na ƙasa su zauna zugum, kaya ya yi tsada a hannunmu. Sannan daga inda rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ruwan kamfanonin Bompai ne ke shigowa, wata rana baƙi, wata rana da kumfa da warin jima, a haka yake tafiya har dam ɗin Wasai a Minjibir. Wannan kuɗin man mutum ɗaya ne zai gyara shi?

Malam na Fagge: Gaskiyarki, Hajiya. Ai da a ce an raba kwanaki, na sama yau na ƙasa gobe, da rabin rigimar ta mutu.

Ɗan Gama: Mun taɓa rabawa, Malam, masu tashi da tsakar dare suka rushe tsarin. Shi dai yaron zan ranta masa na wannan makon, amma babbanmu ba zan iya gaya masa ya yi kuskuren karin magana ba. Sa'an mahaifina ne.