Wasan katin tarawa ko wasan shiga labari, wanne zan fara?

To ga abin da na tattaro daga hirar da muka yi jiya da ƴan uwa kan wannan tambayar, don wallahi da farko ni ma na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Na katin, irin Magic: The Gathering da Richard Garfield ya ƙirƙiro a Amurka a 1993, gasa ce zalla. Kai da abokinka kowa ya haɗa katinsa aƙalla 60, kowa da rai 20, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Ba kamar Whot ba da kowa ke ɗiba a tuli ɗaya, a nan katinka naka ne, a fakiti a rufe kake saya ba ka san me ke ciki ba, shi ya sa kusan kowa ya ce a yi hattara da aljihu, ka fara da wanda aka riga aka haɗa kafin ka shiga sayen fakiti.

Shi kuwa Dungeons & Dragons da ya fito a 1974 ba mai cin wani. Mutum ɗaya ne ke jan labarin kamar mai tatsuniya, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, kana son ɓalle ƙofa sai ka jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ta ɓallu. Shawararsu a nan ita ce ka fara samo mutum huɗu ko biyar masu cika alƙawarin zama, domin labari ɗaya yakan ɗauki watanni. Ni dai wannan ya fi kwanta min, da fensir da takarda za mu fara ranar Asabar in sha Allah.