Wai baƙi ne suka kashe mana ikilisiya?

Ɗan Muciya: Salama, jama'ar Ubangiji. Yau kam sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Ikilisiyar nan tamu ta mutu, jana'iza kawai ta rage. A sujadar Hausa ta yau bencina na baya duk wayam, mawaƙa ba su cika layi biyu ba, addu'ar Laraba kuwa daga fasto sai tsofaffi. Ana tsakiyar wa'azi aka ɗauke wuta, wai babu mai a janareta. Tun da baƙi suka cika majalisar dattawa komai ke tafiyar baya. Kowa ya sani, tsoro ne ya hana magana.

Tsohon Magatakarda: Ƙanena, a watan Agusta fa muke. Ba a auna ikilisiya a Zariya da Lahadi ɗaya, balle ta tsakiyar damina. Daga Yuni zuwa Agusta masu gonaki a wajen Giwa, Soba da Shika suna can suna noma da zuba taki, da yawansu a ƙauyen suke yin sujada. In jami'ar ABU da kwalejin Nuhu Bamalli suka yi hutu, majami'un Samaru da Kongo sai su rame, an kuma gani a yajin aikin malaman jami'a na 2022, tun daga Fabrairu har Oktoba. A Disamba mutanen Zonkwa, Kwoi, Kafanchan da Filato sukan tafi gida Kirsimeti. A Janairu jama'a sun dawo amma baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, ya faɗi, saboda kuɗin makarantar yara. Sai Oktoba da Nuwamba, lokacin baikon godiya na kaka, abin ke tashi. In kana son gaskiya, masu tsaron ƙofa su riƙa ƙirga mutane dab da fara wa'azi, ba lokacin waƙar buɗewa ba da rabin jama'a ke kan hanya. Maza daban, mata daban, a haɗa da yaran makarantar Lahadi da ke wani ɗaki. A tara na wata guda a raba da yawan Lahadin watan, sa'an nan a gwada Agustan bana da na bara da na bara waccan. In duka ukun sauka suke yi, to, akwai magana.

'Yar Hanwa: Baba, dakata da lissafin. Ɗan Muciya, su wane ne baƙi? Faɗi sunan ƙabilar mu ji.

Ɗan Muciya: Yaya, ban kama sunan kowa ba.

'Yar Hanwa: Ai gara ka kama. Mutum ya zo aikin reluwe ko soja, ya haifi 'ya'ya a Sabon Gari, jikokinsa ba su iya yaren kakansu ba sai Hausa, har yau baƙo ne? Shekara nawa ake yi kafin a zama ɗan gida?

Jikan Wusasa: A bar kauce-kauce. Akwai 'yan gida, kuma an san su. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mishan ya koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Gidajen da suka ɗauki wannan nauyi suna nan, majami'ar tubalin da suka gina tana nan tsaye. Daga cikinsu Likita Dikko ya fito, da Farfesa Ishaya Audu. Yanzu a taron ikilisiya sai a buɗe da Turanci a rufe da Turanci, tsohuwa Bahaushiya tana zaune ba ta san me aka zartar ba. Baƙo raɓa ne, amma namu sun kwana sun hantse har sun karɓi makullin ofis.

Malamin Lahadi: Malam, tunda tarihi ka ɗauko, mahaifin Janar Gowon daga ƙasar Angas ya zo Wusasa aikin bishara. Shi kuma wane layi za ka sa shi?

Jikan Wusasa: Wannan daban ne.

'Yar Hanwa: Kullum in an zo kan wanda kuke alfahari da shi sai ya zama daban.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, ku sassauta. Majalisar dattawa ba gado ba ce, ba kuma ƙwace ba. A tsarinmu, mai jefa ƙuri'a shi ne wanda aka yi wa baftisma, sunansa yana cikin littafin membobi, yana cin jibin Ubangiji, ba ya ƙarƙashin horo. Wanda ya zo daga wata ikilisiya sai ya kawo takardar shaida daga inda ya fito kafin a rubuta shi. Ana shelar ranar zaɓe Lahadi uku a jere, a karanta 1 Timoti 3 da Titus 1, a miƙa sunaye, fasto da wakilin gunduma su tace, sa'an nan a kaɗa ƙuri'a a takarda. Ga inda abin ke lalacewa: zaɓen bayan sujada ake yi, rana ta take, yunwa ta kama mutane. Masu kiran kansu 'yan gida sai su ce an san su, su kama hanyar gida. Masu zuwa da takardar shaida su ne ke zama har a ƙirga ƙuri'a. Wasu ma an haife su a nan amma ba su taɓa shiga ajin baftisma ba, sunansu ba ya littafi. Da wace ƙuri'a za su ci?

Ɗan Giwa: Baba, da girmanka, amma duk ɓangarorin biyu kun manta da mu. Mu da iyayenmu Maguzawa ne suka karɓi bishara a ƙauyukan Giwa, Ikara da Maƙarfi, na Wusasa suna mana kallon 'yan ƙauye, na kudu suna mamakin wai akwai Bahaushe Kirista. In ana rabon 'yan gida mu aka tarar a ƙasar nan. Dattijo nawa muke da shi?

Jikan Wusasa: Ba wanda ya ce muku 'yan ƙauye.

Ɗan Giwa: Ba sai an faɗa ba. A duba wa ake ba karatun nassi, wa ake ba share fili.

Malamin Lahadi: Wannan gunaguni ba sabo ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6 masu jin Helenanci sun yi ƙorafi cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Ba a ce musu su yi shiru ba, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Abin da za a yi a nan mai sauƙi ne: jadawalin karatun nassi, addu'a da ɗaukar baiko a rubuta shi na wata uku, a manna a allon sanarwa, a riƙa juyawa unguwa unguwa. Taron ikilisiya kuma a sa mai fassara a tsaye, duk abin da aka zartar a maimaita shi da Hausa kafin a ɗaga hannu.

Uwar Zumunta: Ni ba wannan ya dame ni ba. Ɗana, ka ce addu'ar Laraba daga fasto sai tsofaffi. Tsofaffin ba mutane ba ne? Zumuntar Mata ce ke zuwa asibiti gaishe da marasa lafiya, mu ke dafa abincin makoki, mu ke kwana gidan rasuwa, mu ke sayen tabarmi da kujeru da kuɗin ankonmu. Ikilisiyar da ta mutu ba ta yin wannan. Ku matasa kuna ina ran Laraba?

Sarkin Kwaya: Mama, matasa suna wajen neman abinci, ƙarfe huɗu na yamma ba lokacin mai shago ko ɗan acaɓa ba ne. Kuma tunda an zo nan, abin da ke korar mutane daga sujadar Hausa tsawo ne. Ta Turanci ya kamata ta tashi ƙarfe tara, sai ta kai tara da rabi. Ta Hausa ta fara a makare, Zumuntar Mata a ba su waƙa ɗaya su yi uku, kowace da baiti shida da rawa. Sanarwa ta ci minti talatin. Kafin mai wa'azi ya hau bagade sha biyu ta gota, kwano ya yi zafi, yara suna kuka.

Uwar Zumunta: Waƙarmu da tulu da ganga da kacau-kacau muke yi, ba ta shan ko ɗigon mai. Ku ne sai an kunna janareta, ku ɓata minti goma kuna gwada makirufo, jita na ƙara kamar za ta fasa kunne. Ƙungiyoyi nawa ke waƙa ran Lahadi? Kwaya, 'yan ban, Sabon Rai, Zumuntar Maza, matasa. Mu kaɗai ka gani?

Sarkin Kwaya: Mama, ban raina ku ba. Amma a sa agogo: kowace ƙungiya minti biyar, ƙungiya uku kacal a Lahadi, sauran su jira mako mai zuwa. Sanarwa a karɓe ta a rubuce tun ran Asabar, magatakarda shi kaɗai ya karanta, a daina miƙo 'yar takarda ana tsakiyar sujada.

Uwar Zumunta: A fara sa wa 'yan ban agogon mu gani.

Tsohon Ma'aji: Maganar mai da aka wuce ita ce mai hujja a cikin ƙorafin, ba wanda ya taɓa ta. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, ba ta kuma tsaya nan ba. A ce janareta na shan lita 3 a awa, sujada biyu awa 6, lita 18 ke nan a Lahadi ɗaya, ban da koyon waƙa da addu'ar dare. Baiko bai ninka yadda mai ya ninka ba. Kuɗin mota ma ya hana mai iyali da ke Dakace ko Basawa kwaso gidansa duka zuwa cikin gari kowane mako, sai ya shiga majami'ar da ke kusa. Sa'an nan tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa ta waya suke tura zakka, sai a ga faranti ba nauyi a ce baiko ya mutu, alhali kuɗin suna banki. Abin da ke jawo zargi shi ne ɗibar kuɗin mai daga faranti kafin a ƙirga. Kada a yi haka ko da naira ɗaya ce. Mutum uku su ƙirga, ba 'yan gida ɗaya ba, a canza su duk wata. Ambulan zakka daban, baiko daban, na gini daban. A rubuta jimla da lamba da kalmomi a littafi mai kwafi biyu, su ukun su sa hannu. Ma'aji karɓa yake yi, ba ya cikin masu ƙirga. Litinin da safe a kai banki, kuɗin mai ya fito ta takardar biya mai sa hannun mutum biyu. Ƙarshen wata a gwada takardar banki da littafi, duk wata uku a karanta wa ikilisiya.

Ɗan Muciya: To yaushe rabon da a karanta mana?

Tsohon Ma'aji: Wannan ka tambayi masu riƙe da littafin yanzu.

'Yar Hanwa: Wato baƙin, ko? Baba, kai ma ka shigo layinsu ta bayan gida.

Tsohon Ma'aji: 'Yata, lissafi na yi, ban yi ƙabila ba.

Baba Dattijo: Masu cewa ta mutu su tuna. Ciwon barci ya watsa zaman Kiristocin ƙauyen Gimi, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya aka ci gaba. A Maris 1987 an ƙone majami'u a garin nan, aka yi sujada a fili har aka sake gini. A Yunin 2012 bam ya tashi a Wusasa da Sabon Gari ran Lahadi, tun daga nan ake ajiye motoci nesa ana duba jaka a ƙofa, mutane ba su daina zuwa ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Mai ƙorafi a kan dattijo ya bi Matiyu 18: ya same shi shi kaɗai, in bai ji ba ya je da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai gaban majalisa a rubuce da sa hannu.

Ɗan Giwa: Majalisar da ake ƙara ita za a kai wa ƙara?

Jikan Wusasa: Yau ɗaya mun yarda da juna.

'Yar Hanwa: Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Shekara nawa?

Mai Kula da Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Maganar baƙi an gama ta, kowa ya gane ba haka Ɗan Muciya yake nufi ba, kada a sake tayar da ita. Tarihin da aka kawo mun gode, amma ba shi ne a gabanmu ba. Abin da kusan kowa ya amince da shi shi ne tsawon sujada ke korar matasa, kamar yadda Sarkin Kwaya ya yi bayani dalla-dalla, don haka iyayenmu mata za su yi haƙuri su tsaya a waƙa ɗaya. Lissafin Baba Ma'aji kuma ya nuna a fili cewa mafita ita ce a sayi sola mai ɗaukar amfilifaya da kayan kiɗa, mu da ke kwaya mun daɗe muna faɗa. Batun ƙirga mutane da karanta rahoton kuɗi na dattawa ne, ba na nan ba. Za a kai shawarar sola gaban majalisa kafin baikon godiya na kaka. Na rufe zauren sai gobe da safe, mawaƙa kada a manta da koyon waƙa ran Alhamis ƙarfe biyar.