Littafin gyaran motar lantarki: wanne zan nema, kuma ta ina zan fara?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Na sayi Nissan Leaf ta hannu, ƙirar 2015. Littafin da na tarar a cikinta bai wuce yadda za a kunna fitila da ɗaura bel ba. Ina son in san motar nan ciki da bai, ba sai kullum na dogara da ji-ta-ji-ta ba. Wa ke da masaniya?

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam Malam. Abin da ke hannunka littafin mai mota ne. Wanda kake nema shi ne littafin gyara, wanda kamfani ya rubuta wa makanikansa. Na Leaf an kasa shi babi-babi, kowane da haruffansa: EVB na babban batir, EVC na kwamfutar da ke sarrafa motar, TMS na injin lantarkin da ke juya tayoyi, VC na caji. Amma ka tabbatar na shekarar motarka ne. An fara sayar da Leaf a ƙarshen 2010, kuma a ƙirar 2013 an sauya tsarin caja da wasu kayan gaba, don haka zanen wayoyin 2011 zai iya ɓatar da kai.

Malam Habu: To ashe ba littafi ɗaya ba ne.

Injiniya Bala: Shafuka ne dubbai. Kada ka ce za ka karance shi kamar labari. Fara da shafukan gargaɗi na farkon EVB. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, wutar babban batir ce, wajen volt 360. Littafin ya ce a kashe mota, a cire wayar ƙaramin batir, a zare filogin da ke raba babban batir biyu, sannan a jira aƙalla minti 10 kafin a taɓa komai, saboda akwai sauran wuta maƙale a cikin na'urar da ke juya wutar. Bayan haka ma sai an gwada da mita an ga sifili, hannu cikin safar roba mai jure volt 1000. Idan ba ka da horo da kayan nan, karanta babin don ka fahimta kawai, kada ka sa hannu.

Hajiya Rabi: Injiniya kada ka tsorata shi tun bai fara ba. Malam Habu, akwai abubuwa da yawa da ba ruwansu da wayar lemo. Ni tawa wata safiya ta ƙi tashi ƙememe, fitilu sai walƙiya suke a gaban sitiyari, ga babban batir cike. Har na fara zufa, na ce shi ke nan. Da ɗana ya buɗe littafin, matakin farko a jerin binciken shi ne a auna ƙaramin batir mai volt 12. Shi ne ya mutu. Ashe shi ke tada kwamfuta, shi ke kuma rufe makunnan da ke haɗa babban batir da sauran mota. Babba na nan lafiya lau, ƙarami ya hana shi fita.

Musa Mai Waya: Hajiya kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni na kai tawa a ƙara iskar sanyi, mai gyaran ya zuba man kwamfireso irin na motar fetur. Kwana kaɗan sai ga lambar P0AA6, wato wutar babban batir na neman hanya zuwa jikin mota. Kwamfireson motar lantarki yana aiki ne da babbar wuta, man kuma yana taɓa wayoyin cikinsa, shi ya sa ake sa masa mai na musamman da ba ya ɗaukar wuta. Layi ɗaya ne tak a babin na'urar sanyi. Da na karanta shi tun farko, da ban sha wahalar wanke bututu gaba ɗaya ba. Yanzu duk inda zan kai ta, sai na buga shafin a takarda na miƙa wa mai gyara.

Malam Habu: Allah ya kiyaye gaba. Batun lafiyar batir fa? A ma'aunin lafiyar batir da ke gaban sitiyari, sanduna 11 nake gani maimakon 12.

Injiniya Bala: Sandar farko tana ɓacewa ne idan ƙarfin batir ya sauko wajen kashi 85 cikin 100, don haka ba abin tashin hankali ba ne ga mota mai shekarun taka. Sayi ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta bayanan kwamfutar mota, ka soka a ramin motar mai baki 16 a ƙasan sitiyari, ka sauke manhajar LeafSpy a wayarka. Za ta nuna maka wutar rukunonin ƙwayoyin batir 96 ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙasa sosai da 'yan'uwansa shi za ka sa wa ido. Manhajar tana ba da lambar matsala, littafin ne ke gaya maka abin da za ka auna, da wanda za ka fara aunawa.

Alhaji Garba: Ga masu Tesla, tun 2022 kamfanin ya buɗe littafin gyaransa kyauta a shafinsa. Kowace mota kuma akwai ɗan littafin da ake yi wa 'yan kwana-kwana, shi ma kyauta. Yana nuna inda wayoyin wuta suka bi da yadda ake jan motar. Kada a ja motar alhali tayoyin da injin ke juyawa suna ƙasa.

Hajiya Rabi: Da wurin sa jak! Batir shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota, kada yaron faci ya cusa jak inda ya ga dama. Birki ma a riƙa dubawa, tunda injin ne ke yawan rage gudu, sai faifan ya yi tsatsa don rashin aiki.

Malam Habu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, man giyarta fa, wane iri ne?

Injiniya Bala: Matic S na Nissan. Adadin da za ka zuba da ƙarfin ɗaurin noti suna babin giya. Turo mini lambar shasi ta akwatin sirri in duba maka wanda ya dace da taka.