Wa ya fara kuɗin takarda, Madina ko ƙasar Sin?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Ana ta maimaita cewa mutanen Sin ne suka fara kuɗin takarda, ni kuwa ban gamsu ba. Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa ya san ƙissar sukukul Jar. A zamanin Marwanu ɗan Hakam, yana gwamnan Madina, an raba wa mutanen Madina takardun shaidar abincin da za su karɓa daga hatsin da ake saukewa a Jar, tashar jiragen ruwan Madina a gaɓar Bahar Maliya. Mutane ba su jira hatsin ba, sai suka shiga sayar da takardun a tsakaninsu. To takardar da hukuma ta fitar, tana da ƙima, tana fita daga hannun wannan ta shiga hannun wancan, mene ne sunanta in ba kuɗi ba? Wannan fa ƙarni na 7 ne, na Sin kuwa sai ƙarni na 11.

Aminu: Allahu Akbar. Wallahi Malam ban taɓa jin wannan ba.

Malam Yakubu: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ƙissar gaskiya ce, amma mu kai ta ƙarshenta. Zaidu ɗan Sabit da wani sahabi sun shiga wurin Marwanu sun yi masa inkari, a ruwayar Muslim kuma Abu Huraira ne ya ce masa ya halatta riba, domin Annabi (SAW) ya hana sayar da abinci kafin a karɓe shi. Marwanu ya tura dogarai suna ƙwace takardun suna mayar wa masu su. Sahabbai hatsi suka gani a cikin takardar nan, hukuncin abinci suka yi mata. Mutane kuma sayenta suke yi da kuɗi, ba sayayya suke yi da ita ba.

Malam Nasiru: Hana abu ai shaida ce cewa abin ya faru, Malam Yakubu. Ban ce ya ɗore ba, cewa na yi an fara.

Malam Yakubu: An fara cinikin takardar rabo, na yarda. Kuma ko takardar da muka sani ba ta iso Larabawa ba a lokacin. A fata ake rubutu, ko a bardin Masar da ake yi da ciyawar bakin Nilu. Sana'ar yin takarda daga Sin ta biyo ta Samarƙand a ƙarni na 8, kafin ta kai Bagadaza wajen ƙarshen ƙarnin.

Malam Nasiru: To mu bar Madina mu zo zamanin Abbasiyawa, da takarda ta wadata. Matafiyi Ibn Hauƙal ya ce ya ga sakki, wato takardar shaidar biyan kuɗi, na dinari 42,000 a harkar fataken Audagust da Sijilmasa, wato tsakanin Muritaniya da Maroko na yau, a ƙarni na 10, har ya ce bai ga irinsa a gabas ba. Nasir Khusraw, matafiyi Bafarishe, ya shiga Basra a tsakiyar ƙarni na 11, ya tarar ɗan kasuwa yana kai dukiyarsa wurin mai canji ya karɓi shaida, daga nan duk abin da ya saya sai ya rubuta wa mai kaya takarda ya je ya karɓa a can. Ga kuma suftaja, ka ba da kuɗi a Bagadaza ka karɓa a Masar. Mutanen da suka kai wannan matsayi a ce ba su san kuɗin takarda ba?

Alhaji Garba: Malam, bari ɗan canji ya sa baki. Abin da ka lissafa har gobe muna yinsa a Wapa. Mutum ya ba ni naira a Kano, in ba shi shaida ya karɓi sefa a Maraɗi ko riyal a Jidda. Amma shaidar nan ni da shi da wakilina kawai muka san da ita. In ya kai wa mai tsire ba zai karɓa ba, in an biya shi kuma ta mutu. Naira dubu da ke aljihuna ba sunan kowa a jikinta sai na hukuma, wanda ya riƙe ta shi ne mai ita, kuma in na biya da ita ba ta mutu ba, gaba za ta yi. Mu a kasuwa ba ma haɗa su.

Zainab: Baba Alhaji ya faɗi abin da nake ta son tambaya. To su na Sin ɗin, wane iri ne a ciki? Don na ji an ce su ma da rasit suka fara.

Malam Yakubu: Da rasit suka fara, 'yata, shi ya sa labarin ke da daɗin bi. A farkon ƙarni na 9, zamanin daular Tang, suna da abin da suke kira kuɗi mai tashi: ɗan kasuwa ya ajiye tsaba a babban birni, ya karɓa a lardinsu. Wannan ɗan'uwan suftaja ne, ban ƙirga shi ba.

Abin ya sauya ne a lardin Sichuan, zamanin daular Song. Sauran ƙasar da sulallan tagulla suke ciniki, su kuwa an bar su da na baƙin ƙarfe, mai nauyi maras daraja, har kuɗin gishiri kan fi gishirin nauyi. Sai attajiran birnin Chengdu suka fara karɓar ajiyar ƙarfen suna ba da takarda da ake kira jiaozi. In ka dawo karɓa a cire sulai 30 a kowane 1,000. Mutane suka ga ba dalilin dawowa, tunda mai kaya ma takardar ya fi so. Hukuma ta taƙaita izinin ga gidajen attajirai 16. Wasunsu suka juya ajiyar jama'a a harkokinsu, suka kasa biya, ƙararraki suka cika gaban mahukunta. A 1023 gwamnati ta kafa ofishinta na jiaozi, a 1024 ta fitar da nata, da ƙayyadadden adadi a jikin kowace, da hatimi. Bugun farko na igiya 1,256,340 ne (a igiya suke jera sulallansu ta hudar tsakiya), ajiyar ƙarfen da ke bayansa kuwa igiya 360,000. Wato ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Sun riga sun gane cewa ba rana ɗaya kowa zai zo karɓa ba. Duk wanda ya san aikin banki ya san a nan aka tsallake daga rasit zuwa kuɗi.

Aminu: Ke nan nauyi ne ya jawo abin? To ai mu ma wuri ya yi mana nauyi.

Alhaji Garba: Ƙwarai kuwa, ɗana. Barth, matafiyi Bajamushe, da ya zo Kano a 1851 ya tarar dala ɗaya ta azurfa wuri 2,500 ce, keso ɗaya kuma wuri 20,000. Ƙirga kaɗai aiki ne. Manyan fatake sai suka riƙa kauce wa ɗaukarsa da bashi da amana da musayar kaya, ba a bi ta hanyar takarda ba.

Malam Nasiru: Duk wannan daga bakin mutanen Sin da Turawa ne. Kowa gidansu yake yabo.

Malam Yakubu: To ga namu. Ibn Baɗɗuɗa, alƙali, Bamalike, mutumin Tanja. Ya ratsa Masar da Sham da Iraƙi da Hijaz da Indiya, ya san sakki sani na haƙiƙa. Da ya zo labarin Sin sai ya kawo shi a matsayin abin mamaki: ba sa ciniki da dinari ko dirhami, da takardu suke yi masu faɗin tafin hannu, ɗauke da hatimin sarki. In ta yage ka kai gidan bugawa a sauya maka ba ko sisi. In ka shiga kasuwa da dirhamin azurfa ba a karɓa sai ka canza shi. Shi ne kuma ya zo Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya ga ana ciniki da sandunan tagulla, ana kai su har Gobir da Barno. Mutumin da idonsa ke kan kuɗin kowane gari, da a garinsu akwai irin wannan takarda da ya faɗa.

Malam Nasiru: Akwai masana da ke shakkar ko ya kai Sin da ƙafarsa.

Malam Yakubu: Akwai, amma ko ji ya yi, mamakin na nan. Kuma ya dace da abin da Marko Polo ya faɗa kafin shi game da kuɗin Kublai Khan, sarkin Mongol na Sin, da aka fara fitarwa a 1260: ɓawon bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta, jan hatimi, da kisa ga mai buga jabu. Takardun ma an tono wasu, suna gidajen tarihi.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri, sai yanzu na karanta. Malam Nasiru, abin da ya fi tsaya mini a rai abin da ya faru ne a birnin Tabriz na Farisa. A 1294 baitulmalin Gaikhatu, sarkin Mongol na Farisa, ya ƙare, wazirinsa Sadruddin Zanjani ya ba da shawarar a kwaikwayi Sin. Aka buga takardu har da kalmar shahada a jiki, aka yi shelar kisa ga wanda ya ƙi karɓa. 'Yan kasuwa suka kulle shaguna, abinci ya ɓace, mutane suka fara barin gari, cikin wata biyu aka janye. Waɗannan fa jikokin masu sakki da suftaja ne. Sun yarda da takardar attajirin da suka sani, sun ƙi ta sarkin da suka san aljihunsa ya bushe. Bayan wannan sai 1840 Daular Usmaniyya ta fitar da nata.

Amma ni da Malam Yakubu ma akwai inda muka rabu. Sin ta riga kowa, amma ba ita ta haifi nairar da ke hannunmu ba. Nata ya mutu. Song ta yi ta bugawa saboda yaƙe-yaƙe har darajar ta zube, daular Yuan ta su Kublai Khan ta bi sahu, daular Ming ta fitar da nata a 1375 ba tare da alkawarin canzawa da ƙarfe ba, kafin tsakiyar ƙarni na 15 mutane sun koma azurfa. Aka yi ɗaruruwan shekaru haka. Wanda ya iso mana daga Turai ya taso. A 1661 bankin Johan Palmstruch a Stockholm ya fitar da takardu, dalilin kuma irin na Sichuan ne, domin Suwidin faifan tagulla take bugawa a matsayin kuɗi, mafi girmansa ya kusa kilo 20. Ya buga fiye da ajiyarsa, bankin ya rushe, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. A 1694 aka kafa Bankin Ingila da bashin fam miliyan 1.2 ga gwamnati, kuma takardarsa ba ta yanke ba har yau. Daga nan hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa a 1959, naira a 1973.

Malam Yakubu: Hajiya, tambayar wa ya fara ce, ba wa muka gada ba. Tsakanin 1024 da 1661 shekara 637 ce.

Hajiya Binta: Na sani, Malam. Abin da nake gudu shi ne yaranmu su ɗauka layi ɗaya ne miƙaƙƙe daga Chengdu zuwa Abuja. Turawa sun karanta Marko Polo fiye da shekara ɗari uku ba su kwaikwaya ba. Takardarsu daga rasit ɗin maƙeran zinariya na Landan da littattafan bankuna ta fito.

Malam Nasiru: Madalla, Hajiya ta kawo ni gida. In daga takardar ajiya da ta bashi kuɗin Turai ya fito, to 'yan kasuwar Benis da Jenowa na Italiya da wa suka yi ta ciniki a Iskandariyya da Sham? Da masu sakki. Ba zan yarda a ba da wannan tarihi a tsallake Basra da Bagadaza ba, kamar Musulmi 'yan kallo ne. Wannan tsallakewar ce ke ɓata mini rai, kuma ita ake koya wa 'ya'yanmu.

Hajiya Binta: A kan wannan ina tare da kai, Allah ya gafarta Malam. A koyar da sakki da sunansa, girmansa ya ishe shi. In muka ce masa kuɗin takarda, ranar da yaro ya gano ba haka ba ne zai yi shakkar sauran abin da muka gaya masa.

Zainab: Malam, ina da tambaya ta fiƙihu. In tun Madina akwai kuɗin takarda, me ya sa malamai suka yi ta saɓani a kan zakkarsa da riba a cikinsa? Na karanta cewa sai a 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta tabbatar cewa hukuncinsa na zinariya da azurfa ne.

Malam Nasiru: Tambaya mai kyau, 'yata, amma asalin hukuncin ya daɗe. A Mudawwana Imamu Malik ya ce da mutane za su yarda da fatu a tsakaninsu har su zama kuɗin da ake bugawa, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Balazuri, malamin tarihi, kuma ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi niyyar yin dirhami da fatar raƙumi, aka ce masa raƙuma za su ƙare, ya fasa. Malik ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, wato 795, fiye da shekara ɗari biyu kafin jiaozin gwamnati. Sun fahimci cewa yardar mutane ce ke mayar da abu kuɗi, ba ƙarfen ba.

Malam Yakubu: Wannan hujjar ta fi ta Jar ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma zan kai ta aji. Sai dai Umar niyya ya yi ya fasa, Malik kuma ƙaddarawa ya yi, bai ce ga garin da ake yi ba. A Chengdu ofishi aka buɗe, aka sassaƙa allunan bugu, aka ware ajiya, aka sa wa kowane bugu wa'adin da za a dawo da tsoho a karɓi sabo.

Alhaji Garba: Wa'adin dawo da tsoho? Tun a lokacin?

Malam Yakubu: Tun a lokacin, Alhaji. Duk bayan shekara biyu zuwa uku, kuma da ɗan lada ake canzawa. Daga baya da gwamnati ta matsu sai ta bar bugu biyu suna yawo tare, takardun suka ninka, ajiya ba ta ƙaru ba. A 1107 dole aka sauya musu suna aka fito da sababbi.